Daraktoci masu zaman kansu da ribar kamfani: yaya ake auna wannan a kasuwar hannun jarin Najeriya?

Rabi'atu: Assalamu alaikum malamaina. Ina neman gyara a kan tsarin binciken digirina na biyu kafin in miƙa babi na uku. Tambayar da nake bi ita ce, shin yawan daraktoci masu zaman kansu (waɗanda ba sa cikin gudanarwa kuma ba su da wata alaƙa ta kusa da kamfanin) a hukumar daraktoci yana ƙara wa kamfani riba da daraja a kasuwa? Na ɗauki kamfanoni 42 waɗanda ba bankuna ko inshora ba, cikin waɗanda ke kan NGX, wato kasuwar hannun jarin Najeriya, a yau, daga 2012 zuwa 2023. Ina auna ROA (riba bisa kadarori), ROE (riba bisa jarin masu hannun jari) da ma'aunin Tobin (darajar kamfani a kasuwa bisa kadarorinsa). Abubuwan da nake bayani da su: girman hukuma, kason masu zaman kansu, ko mutum ɗaya ne ke riƙe da kujerar ciyaman da ta manajan darakta, sai girman kwamitin odita. Abu biyu ya ɗaure min kai. Kason masu zaman kansu ya fito kamar yana rage riba, sannan manhajar lissafi ta Stata ta jefar da batun haɗa kujeru biyu gaba ɗaya. Ina kuskuren yake?

Dakta Auwal: Wa alaikumus salam ƙanwata. Na biyun ba kuskure ba ne, doka ce ta jawo shi. Idan kin sa lissafi ya cire halin kowane kamfani da ba ya canzawa, to duk abin da ba ya motsi a cikin kamfani daga shekara zuwa shekara zai faɗi. Raba kujerun nan biyu ya daɗe da zama ruwan dare: Babban Banki ya wajabta wa bankuna a ƙa'idarsa ta 2006, ƙa'idar 2011 ta SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, ta nemi haka ga sauran, sannan dokar kamfanoni ta CAMA 2020 ta hana ciyaman na kamfanin jama'a zama shugaban gudanarwa. Ki duba shafinki, sifili za ki gani daga sama har ƙasa.

Kwamitin odita ma kusan haka yake. Tsohuwar doka ta ce kada ya wuce mutum shida, rabi daraktoci rabi masu hannun jari, kuma yawancin kamfanoni shidan suke cikawa. CAMA 2020 ta mayar da shi biyar, uku masu hannun jari, biyu daraktocin da ba sa cikin gudanarwa. Saboda haka abin da kike kira girman kwamiti, a gaskiya kalanda ce: shida kafin dokar, biyar bayanta. Duk abin da ya faru da riba a 2021 zai ɗauka ya ce shi ya jawo. Ki cire su biyun. In kina son wani abu daga kwamitin, ki ƙirga zaman da ya yi a shekara da adadin masu takardar shaidar akanta a cikinsa, waɗannan suna motsi.

Iliyasu: Ni ROE ɗin ne ya fi tayar min da hankali. Bayan sakin naira a watan Yunin 2023, kamfanonin da ke da bashin dala sun tafka asarar canji har jarin masu hannun jari ya koma ƙasa da sifili. Nestlé Nigeria da MTN Nigeria duk sun rufe 2023 a haka. To asara bisa jarin da ke ƙasa da sifili, ragi ne a kan ragi, sai kwamfuta ta ba ki ROE mai kyau ga kamfanin da ya yi asara. Layi biyu ko uku irin wannan sun isa su juya sakamakon kamfanoni 42. Ko ki bar ROE, ko ki fitar da duk shekarar da jarin bai haura sifili ba, ki kuma faɗa a rubuce. ROA ma ki gina shi da ribar aiki kafin kuɗin ruwa da haraji, don kada asarar canji ta shiga.

Farfesa Lawal: Gyare-gyaren nan daidai ne, amma ko an yi su duka, babbar matsalar tana nan. Ita ce matsalar wa ya haifi wa.

Rabi'atu, ki tambayi kanki, yaushe kamfani yake ƙara daraktoci masu zaman kansu? Sau da yawa sai bayan abu ya lalace. Riba ta faɗi, masu ba da bashi sun fara ƙorafi, ko ana neman sabon mai zuba jari daga waje, sai a kawo mutum biyu masu suna a zaunar. Ke kuma kin zo kin ga shekarar da suka yi yawa ita ce shekarar da riba ta yi ƙasa, sai ki rubuta cewa su suka rage ta. Wanda ya ƙirga likitoci a gidajen unguwa zai tarar sun fi yawa a gidan da ake jinya, ba kuwa su suka kawo cutar ba. Hermalin da Weisbach sun nuna wannan tun 1998: hukumar daraktoci kanta sakamako ce ta ciniki tsakanin shugaban gudanarwa da sauran, kuma idan kamfani ya gaza, ƙarfin shugaban yana raguwa, sai a cusa masa 'yan waje. Wintoki da abokan aikinsa a 2012 sun sa ribar shekarun baya cikin lissafi a kan kamfanonin Amurka, sai dangantakar da ake ta wallafawa tsakanin tsarin hukuma da riba ta ɓace.

Ki dubi batun girman hukuma ma. Yermack a 1996 ya duba manyan kamfanonin Amurka 452 ya ce ƙaramar hukuma ta fi daraja. A 2008 Coles da abokansa suka nuna cewa kamfani mai rassa da yawa da bashi mai yawa babbar hukuma ta fi yi masa amfani. A gida kuma, Sanda da Mikailu da Garba na jami'ar Usmanu Danfodiyo sun duba kamfanoni 93 na shekarun 1996 zuwa 1999, suka ce wajen mutum goma ya fi dacewa. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowane kamfani yana zaɓen hukumar da ta dace da halinsa, shi ya sa jera su a layi ɗaya ba ya gaya mana abin da zai faru idan an tilasta wa ɗaya ya canza.

Rabi'atu: Na gode ranka ya daɗe. Ke nan dabarar lissafi ta GMM zan koma? Shi na ga yawancin takardun da nake karantawa suna amfani da shi.

Dakta Auwal: Za ki iya, amma ki san ramin da ke ciki. Dabarar tana amfani da alƙaluman shekarun baya a matsayin madogara, wato abin da ake jingina da shi don a raba sanadi da sakamako, kuma yawan madogaran yana ninkuwa da yawan shekaru. Da shekaru 12, in kin bar umarnin xtabond2 na Stata yadda ya zo, zai haifa miki madogara fiye da kamfanoninki 42. Alamar ita ce gwajin Hansen, mai duba ingancin madogaran, ya ba ki 1.000. Ɗalibai suna murna da wannan lamba, alhali tana nufin gwajin ya mutu ne, Roodman ya yi bayanin haka a 2009. Abin yi: ki dunƙule madogaran, ki taƙaita su ga shekara ta biyu da ta uku a baya, ki tabbata adadinsu bai kai adadin kamfanoni ba, ki rubuta adadin a ƙasan kowane jadawali tare da gwajin AR(2), mai duba ko kurakuran lissafin suna bin juna da tazarar shekara biyu. Sannan ki canza zurfin shekarun ki sake gudu. Idan alamar ta juya daga ragi zuwa ƙari don kawai kin ƙara shekara ɗaya, ba ki da sakamako.

Masu yin wannan da bankuna 12 ko 13 kuwa, su daina. An gina dabarar ne don kamfanoni ɗaruruwa.

Malam Nasiru: Bari in shigo ta ɓangaren kasuwa, don ma'aunin Tobin farashi yake ci, farashin kuma sai an san yadda aka same shi. Lissafin da aka saba: farashin hannun jari sau adadin hannayen jari, a tara da dukkan bashi, a raba da dukkan kadarori. Wurare huɗu yake karyewa a nan.

Akwai kamfanoni da dama a NGX da ake yin makonni ba a sayi ko ɗaya na hannun jarinsu ba, ko a saya kaɗan da bai kai adadin da ke motsa farashi ba. Farashin da za ki gani ranar 31 ga Disamba yana iya zama na watan Satumba. Na biyu, kafin Janairun 2018 akwai dokar da ta hana farashi sauka ƙasa da kobo 50, sai ka ga jerin kamfanoni sun yi shekaru a kan kobo 50 cif, masu son sayarwa sun yi layi babu mai saye. Wannan ba darajar kasuwa ba ce, bango ne. Shekarunki na 2012 zuwa 2017 duk suna ciki.

Na uku, adadin hannayen jari. Idan kamfani ya raba na kyauta, ko ya yi tayin ƙari ga tsofaffin masu shi, adadin yana canzawa a tsakiyar shekara. Ki ɗauki adadin daga rahoton shekarar da kike aunawa, kada ki ɗauki na yau ki ninka da farashin 2014. Na huɗu, ba kowa ke rufe littafi a Disamba ba. PZ Cussons a ƙarshen Mayu yake rufewa, Flour Mills a ƙarshen Maris. Farashin ranar rufe littafin kowane kamfani za ki ɗauka.

Shawarata, ki ƙirga kwanakin da farashin kowane kamfani bai motsa ba a shekara, ki raba da kwanakin ciniki. Wanda ya haura rabi, ki gudu da shi sau ɗaya, ki gudu ba shi sau ɗaya, ki nuna duka biyun.

Iliyasu: A ƙara da hauhawar farashi. Ƙasan lissafin kadarori ne a farashin da aka saye su. Masana'antar da aka gina a shekarun 1980 tana nan a littafi da kuɗin wancan lokaci, sama kuma farashin kasuwa ne na nairar yau. Sai tsohon kamfani ya fito da ma'auni mai tsawo ba don hukumarsa ta iya aiki ba. Wanda kuma ya sake kimanta filayensa da gine-ginensa, nasa ya faɗi a shekara ɗaya. Ki duba bayanin kadarori a rahoton, ki yi alama a duk shekarar da aka sake kimantawa.

Barista Bilkisu: Duk kuna magana a kan lissafi, ni kalmar "mai zaman kansa" ɗin ce ban yarda an auna ta daidai ba. Malama Rabi, daga ina kika ɗauko ta? In daga shafin da aka jera hotunan daraktoci ne, to lakabi kika ɗauka.

Ma'anar kanta ta canza a cikin shekarunki. Ƙa'idar SEC ta 2011 ta nemi aƙalla mutum ɗaya, kuma kada hannun jarinsa ya wuce kashi 0.1 cikin 100. Ƙa'idar ƙasa ta 2018, wadda hukumar FRC mai kula da rahotannin kuɗi ta fitar, ta sauko da shi zuwa 0.01, ta kuma ce kada ya wuce zango uku na shekara uku-uku. CAMA 2020 ta zo da nata sharuɗɗan a sashe na 275, ta ce aƙalla mutum uku. A 2023 dokar sauƙaƙa kasuwanci ta mayar da shi kashi ɗaya bisa uku na hukumar. Mutum ɗaya zai iya cika sharaɗi a 2015 ya kasa a 2020 ba tare da ya motsa daga kujerarsa ba. Rahotannin farkon shekarunki kuma da yawa ba su bambanta mai zaman kansa da wanda kawai ba ya cikin gudanarwa, ɗalibai sai su haɗe su.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne wa ya kawo shi. Ana zaɓen darakta ne da rinjayen ƙuri'a a babban taron shekara. A kamfanin da mutum ɗaya ko uwar kamfani ke da kashi 60 ko 80, ƙuri'arsa ita ce zaɓen, ita ce kuma cirewar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Don haka ki gina naki ma'aunin daga tarihin da ke cikin rahoton: shekara nawa ya yi a kujerar, ya taɓa aiki a kamfanin ko a uwar kamfanin, yana zaune a hukumar wani kamfani na mai rinjayen, ofishinsa na lauya ko na akanta yana yi wa kamfanin aiki. Wanda ya tsallake waɗannan huɗun shi za ki ƙirga. Aiki ne na hannu, kamfani 42 sau shekara 12 rahoto 504 ke nan, amma shi ne abin da wani bai riga ki yi ba.

Farfesa Lawal: Barista ta taɓo inda nake son a je. Ra'ayin da ɗalibanmu ke jingina da shi, na Jensen da Meckling na 1976, an gina shi ne a kan kamfanin da masu shi suka warwatse, manaja ya zama shi ne mai iko, ana neman wanda zai sa masa ido. La Porta da abokansa sun nuna a 1999 cewa a yawancin ƙasashen duniya ba haka abin yake ba, akwai mai rinjaye, iyali ko gwamnati. Kasuwarmu haka take. Dangote Industries na riƙe da fiye da kashi 80 na Dangote Cement, uwar Nestlé na riƙe da fiye da kashi 60 na reshenta na nan. A irin wannan kamfani manaja ba ya fin ƙarfin mai shi. Wanda ke buƙatar kariya shi ne ɗan fansho mai hannun jari dubu biyar.

Idan haka ne, ROA ba ita ce wurin da za a ga aikin darakta mai zaman kansa ba. Mai rinjaye ma yana son riba. Inda muradinsa ya rabu da na ƙananan shi ne yadda ribar ke fita: sayen kaya daga wani kamfaninsa, ba wa ɗan'uwan kamfani bashi, kuɗin taimakon fasaha da na amfani da suna da ake biyan uwar kamfani, da kuma ko ana raba riba ko ana riƙewa. Duk waɗannan suna cikin bayanin hulɗa da makusanta a ƙarshen rahoto, wanda ƙa'idar IAS 24 ta wajabta, kuma tunda kamfanonin kasuwa sun koma IFRS, ƙa'idojin akanta na duniya, a 2012, shekarunki sun dace. Ki ɗauki kuɗin da aka biya makusanta bisa cinikin shekara, da bashin da ake bin makusanta bisa kadarori. Tambayarki sai ta zama: shin daraktoci masu zaman kansu suna rage abin da ke zirarewa zuwa ga mai rinjaye?

Iliyasu: Ranka ya daɗe, ina da ja a nan. Ba duk hulɗa da makusanta ce cuta ba. A shekarun da dala ta yi wuya, uwar kamfani ce ke ba reshenta bashin dala ko ta aiko da kaya bashi, ba don haka ba da injin ya tsaya. Kuɗin fasaha kuma sai hukumar NOTAP mai kula da shigo da fasaha ta yi rajistar yarjejeniyar, akwai iyaka a kansa. In ta tara komai wuri ɗaya, za ta kira taimako sata.

Farfesa Lawal: Ja mai kyau. A raba su ta fuskar da kuɗin ya bi. Abin da kamfani ke bin makusanta daban, abin da makusanta ke binsa daban. Na farkon ne abin zargi, musamman in ba ruwa a kansa kuma yana girma kowace shekara ba a biya. A kuma raba rassan kamfanonin waje da kamfanonin iyalan gida, don hanyar fitar kuɗinsu ba ɗaya ba ce.

Barista Bilkisu: Wajen auna rinjayen ma akwai tarko biyu. Rahoto yana lissafa duk mai kashi 5 zuwa sama, sai ki ga suna irin Stanbic Nominees. Wannan ma'aji ne da ke riƙe wa mutane da yawa, ba mai shi ɗaya ba ne, kada ki sa shi a matsayin mai rinjaye. Sannan a jadawalin hannun jarin daraktoci akwai na kai tsaye da na bayan fage. Idan daraktoci biyu suna wakiltar kamfani ɗaya, wani lokaci akan rubuta adadin a gaban kowannensu. In kin tara, sai ki samu daraktoci sun mallaki fiye da kashi 100.

Musa Maraɗi: Salamu alaikum. Ga mai son nazarin haɗa kujeru biyu, ya leƙo kasuwar BRVM da ke Abijan, wadda ƙasashe takwas na yammacin Afirka masu amfani da sefa suke tarayya a kanta, har da Nijar. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda ƙasashen nan ke bi, ta bar wa kamfani zaɓi, ko mutum ɗaya ya riƙe duka biyun, ko a raba. Sai dai kamfanonin ba su kai 50 ba, kuma rashin ciniki da Malam Nasiru ya faɗa ya fi tsanani a can.

Dakta Auwal: Mu koma kan wa ya haifi wa, don canza abin da ake aunawa bai warware ta ba. Hanyar da ta fi ƙarfi ita ce a sami lokacin da aka tilasta wa kamfani canji ba da son ransa ba. Haka Black da Kim suka yi da Koriya ta Kudu, inda dokar 1999 ta wajabta wa kamfanonin da kadarorinsu suka haura won tiriliyan 2 su cika rabin hukuma da 'yan waje, sai aka kwatanta na sama da layin da na ƙasa da shi. Mu ma muna da irin wannan a sashe na 275.

Ga yadda za ki tsara. Ki duba rahoton 2019 na kowane kamfani. Masu ƙasa da mutum uku su ne rukunin da doka ta taɓa, masu uku zuwa sama su ne rukunin kwatance. Shekarun kafin: 2016 zuwa 2019. Ki ajiye 2020 gefe, don an sa hannu a dokar a watan Agusta, ga kuma korona. Shekarun bayan: 2021 da 2022, ki tsaya nan, saboda a 2023 doka ta sake canzawa, naira ma ta faɗi. Ki auna canjin rukuni na farko, ki debe canjin rukuni na biyu. Kafin komai ki zana layin rukunan biyu daga 2016 zuwa 2019. In ba tafiya ɗaya suke yi ba tun kafin dokar, dabarar ta rushe.

Abu ɗaya da ake yawan kuskurewa: rukunin ya dogara da halin kamfani a 2019, ba da ko ya bi dokar daga baya ba. Da zarar kin ware waɗanda suka bi kawai, kin dawo da zaɓin kai da kike gudu.

Barista Bilkisu: Kuma ki bi sunaye ɗaya bayan ɗaya tsakanin rahoton 2019 da na 2021. Cika uku ta hanyar kawo sabon mutum daban ne da cika uku ta hanyar canza wa tsohon darakta lakabi. Na biyun ba abin da ya canza a ɗakin taro.

Malam Nasiru: Dakta, ina shakkar wannan zai ba ta wani abu. Kamfanonin da ke kasuwar gaba ɗaya wajen 150 ne. Cire bankuna da inshora, cire waɗanda ba sa fitar da rahoto a kan lokaci, raba sauran biyu. Masu mutum uku tun 2019 kuma galibi manya ne, waɗanda dokar ta taɓa ƙanana. A daidai shekarun an rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, harajin VAT ya tashi daga 5 zuwa 7.5, kuma waɗannan ba su taɓi babba da ƙarami daidai ba. Me zai hana ta duba yadda farashi ya motsa ranar da aka sa hannu a dokar?

Dakta Auwal: Shakkarka tana da tushe, shi ya sa za ta haɗa kowane kamfani da mai kama da shi a girma da sana'a, ta sa alamar shekara ta kowace sana'a, ta kuma tara ma'aunin kuskure a matakin kamfani. Amma duban farashin rana ɗaya ya fi rauni a nan. Majalisa ta daɗe tana jujjuya dokar, kasuwa ta san da ita, kuma dokar ta canza abubuwa da yawa a lokaci guda. Ga shi ranar ɗaya ce ga kowa, don haka motsin kamfanonin ba 'yantattu ba ne da juna. Abin da ya faru da binciken ƙasar Norway ke nan. Ahern da Dittmar a 2012 suka ce dokar ba mata kashi 40 na kujeru ta rage darajar kamfanoni, daga baya Eckbo da abokansa suka gyara wannan haɗuwar rana, sai tasirin ya kasa tsayawa.

Malam Nasiru: Na karɓa. In dai za a yi nazarin rana a kasuwarmu, a san cewa farashi ba ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa a yini, da can ma 5 ne, don haka babban labari yana ɗaukar kwanaki kafin ya gama shiga. Duban farashi na kwana uku kawai ya yi kaɗan, a gwada biyar da goma. Misali mafi girma da muke da shi ma bai aunu ta wannan hanya ba. Ranar Juma'a 14 ga Agustan 2009 gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union Bank, aka zuba musu naira biliyan 420. Nan take aka dakatar da cinikin hannun jarin bankunan biyar na mako biyu. Sai dai a auna sauran bankunan.

Farfesa Lawal: Wannan misalin ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe saboda wani dalilin. Bankunan nan suna ƙarƙashin ƙa'idar 2006, kujeru a rabe, kwamitoci a jere. Da an ba su maki a kan abin da ke rubuce a rahoto, da sun ci. A laccar da Sanusi ya gabatar a jami'ar Bayero a Fabrairun 2010, ya sa gazawar hukumomin daraktoci cikin manyan dalilan rikicin, ya yi maganar bashin da na ciki suka ba kansu da kuɗin masu ajiya da aka yi amfani da shi wajen sayen hannun jarin bankin kansa. Ba ɗaya daga ciki da kason masu zaman kansu zai nuna.

Ya kuma tuna min da yadda kika zaɓi kamfanoninki, Rabi'atu. Kin ce waɗanda ke kan NGX a yau. To waɗanda suka durƙushe ko aka cire su tsakanin 2012 da yau fa? Su ne mafi kusa da zama masu mummunan shugabanci, kin kuwa fitar da su tun kafin a fara. Ki samo jerin kamfanonin da ke kasuwa a farkon shekarar da za ki fara, ki bi kowanne har inda rahotonsa ya tsaya. Ba dole kowa ya cika shekaru ba, Stata tana karɓar haka.

Rabi'atu: Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Abin da ya rage min tsoro: in na yi duk wannan, sakamakon ya fito ba wani tasiri, za a karɓa a wajen kare kundi?

Farfesa Lawal: Za a karɓa in kin nuna faɗin abin da alƙalumanki za su iya gani. Kada ki tsaya a cewa babu tasiri. Ki rubuta iyaka ta ƙasa da ta sama a matakin amincewa na kashi 95, ki fassara su da naira: ƙara darakta ɗaya yana iya rage bashin makusanta da kaza, ko ya ƙara shi da kaza. In tazarar ƙarama ce kusa da sifili, kin gano cewa dokar ba ta yi aiki ta wannan fuska ba. In mai faɗi ce, kin gano cewa kamfanonin sun yi kaɗan a yanke hukunci. Abin da ba za a karɓa ba shi ne ki yi ta sauya ma'auni har tauraro, wato alamar da ke nuna an sami tasiri a lissafi, ya fito. Ki rubuta tsarinki da abin da za ki auna, mai duba ki ya sa hannu, kafin ki buɗe rahoton 2021.

Dakta Auwal: Ki fara da kamfanoni goma a wannan makon. Shafi ɗaya na daraktoci, layi ɗaya ga kowane mutum a kowace shekara: suna, lakabi, shekarar naɗi, hannun jari, alaƙa da mai rinjaye, zaman da ya halarta cikin nawa. Shafi na biyu na kuɗi, kowace lamba da lambar shafin rahoton da kika ɗauko ta, kuma ki lura ko rahoton a dubbai yake ko a miliyoyi, sannan alƙaluman rukunin kamfanoni ne ko na uwar kaɗai. Ki turo goman nan mu duba kafin ki ci gaba da sauran.

Rabi'atu: To Dakta. Zan fara da masu rufe littafi a Disamba, in sha Allahu zan turo ranar Asabar.